Tsakanin Gidajenmu da Fili Akwai Titi

Filin yana kudu da unguwarmu a nan Kano, kuma tun ina yaro nake zuwa cikinsa. Darbejiya ce ta kewaye shi, akwai lilo, akwai wajen ƙwallo, akwai bencinan siminti da dattawa kan zauna bayan la'asar. A da, abin da ya raba mu da shi wata siririyar kwalta ce wadda ko akuya kan kwanta a tsakiyarta ta yi tuƙa. Da aka faɗaɗa ta sai ta zama tagwayen hanya: layi biyu na masu zuwa yamma a ɓangarenmu, layi biyu na masu zuwa gabas a ɓangaren fili, dakalin siminti a tsakiya, lambatu mai zurfi a kowane gefe. Mun yi murna, kuma har gobe ina cewa aikin alheri ne. Sai dai daga shataletale zuwa shataletale ba a bar wa mai tafiya a ƙasa ko wuri ɗaya da zai tsallaka ba.

Wata Alhamis bayan la'asar mota ta buge ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara 8, yana rungume da ƙwallo. Ƙashin cinya ne ya karye. Direban bai gudu ba, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti, daga can aka tura su asibitin ƙashi na Dala. Na sami direban zaune a ƙasa a bakin ɗakin, yana ta maimaita magana ɗaya: wallahi bai ga yaron ba sai da ya ɓullo daga bayan adaidaita sahu. A ranar ban ba maganar muhimmanci ba, na ɗauka irin abin da kowane direba zai faɗa ne.

Cikin daren nan samarin unguwa suka haɗa kuɗin siminti da jar ƙasa, suka yi wani tudu a kan kwalta, mai tsini kamar kunyar dankali, babu fenti, babu alama. Na san zafin zuciyar da ya sa su, domin ni ma ina jin sa. Kwana uku tsakani wani magidanci a kan babur, yana dawowa daga kasuwa da daddare, ya hau tudun bai sani ba, ya faɗi ya goge fuska da kafaɗa. Bayan mako guda hukuma ta zo ta kankare shi. Muka koma inda muka faro, ga majinyata biyu maimakon ɗaya.

Mai unguwa ya kira taro a ƙofar masallaci bayan isha'i. Ni ke koyar da lissafi a wata sakandare, don haka duk abin da ya shafi rubutu a unguwa ni ake miƙa wa, ranar ma aka ce in riƙe biro. Kusan kowa bakinsa ɗaya, har da ni: a roƙi gwamnati ta yi mana gadar sama. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi ritaya daga aikin hanya, Baba Injiniya muke ce masa. Ya bari kowa ya gama, sannan ya dube ni.

"Malam, a ina za a kafa gadar?"

Na ce a daidai ƙofar fili mana, Baba.

"To a nan mutane ke tsallakawa?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na ga ban sani ba. Shekaru ina tsallaka titin nan, ban taɓa tsayawa na duba inda sauran mutane ke bi ba. Ya ce gada sai ta haura mita 5 kafin babbar mota ta wuce ta ƙarƙashinta, wato matakala talatin da wani abu a hawa, haka kuma a sauka. Ya tambaye mu wa zai hau: mai kurar ruwa, ko gurgu a kan kekensa, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko yaron da ke jin ihun abokansa a fili? Ya ce mu je mu tsaya a gindin kowace gadar ƙafa da muka sani a gari, mu ƙirga masu hawa da masu bi ta ƙasa. Kuma kuɗin gada ɗaya, in ma an samu, sai mu shekara nawa muna jira. Shawararsa ita ce kada mu rubuta wa kowa takarda sai mun yi mako biyu muna zaune a bakin titi muna kallo.

Haka muka yi. Muka raba kanmu biyu-biyu, kowa da littafi, daga la'asar zuwa magariba, wasu kuma da safe lokacin tafiya makaranta. Duk wanda ya tsallaka sai a ja masa layi, a nuna babba ne ko yaro, mace mai goyo ce ko tsoho, da kuma daidai inda ya bi. Baba ya sa muka sa wa turakun fitila lamba da alli domin kowa ya san wurin da yake nufi.

Tun kwana na uku abin ya fito fili. Ƙofar filin da nake cewa a kafa gada, ba kowa ke bi ta nan ba. Kusan duk jama'a suna tsallakawa ne a bakin lungun masallaci, nesa da ƙofar da taku kusan ɗari, domin nan ne lungunan unguwa uku suke haɗuwa su fito titi. Wani bawan Allah ya ɗora katako a kan lambatu a wurin, gefen dakalin tsakiya ya gutsure saboda yawan taku, can ɗaya ɓangaren kuma an ɓula shingen fili, ciyawa ta mutu, hanya ta fito ƙwal. Ƙafa ta riga ta zaɓi inda za ta bi tun ba a tambaye ta ba. Kuma a daidai wannan wuri ne 'yan adaidaita sahu ke jeruwa suna jiran fasinja, ga teburin mai shayi, ga mai rake da baronsa. Nan na tuna maganar direban nan a asibiti, jikina ya yi sanyi. Gaskiya ya faɗa.

Ranakun Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo da yawancin islamiyyu, yaran sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sannan akwai abin da wani ɗalibina ya lura da shi wanda ni ban gani ba. Titin ya miƙe ne gabas da yamma. Dab da magariba rana na dukan idon duk direban da ya nufi yamma, ga ƙurar hunturu a kan gilashi, kuma a daidai lokacin ne yara ke jin kiran salla su kwaso da gudu zuwa gida. Layin da za su tsallaka a ƙarshe, bayan sun gaji sun ƙagu, shi ne na direbobin da ba sa gani sosai.

Gudun motoci kuwa da agogon waya muka auna. Muka gwada mita 50 da igiyar awo, muka sa dutse a farko da ƙarshe. Lissafin ba wuya: motar da ta cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 6 tana gudun kilomita 30 a awa, wadda ta cinye cikin daƙiƙa 3 tana gudun 60. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 50 a cikin gari. Yawancin waɗanda muka auna sun fi kusa da daƙiƙa 3, wasu ma ba sa kaiwa.

A nan ne aikina na aji ya yi mini rana, kuma ina so mai karatu ya bi ni a hankali, domin wannan lissafi shi ya sauya tunanina gaba ɗaya. Kowane ɓangare na titin faɗinsa kimanin mita 7 ne. Masu tsara hanya kan ɗauka cewa lafiyayyen babba yana tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, wato yana buƙatar wajen daƙiƙa 6 ya tsallaka ɓangare ɗaya. Tsohuwa ko mace mai goyo tana jan wani yaron a hannu, sai ta ci 9 ko 10. Motar da ke gudun 60 tana shafe kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, ke nan cikin daƙiƙa 9 ta yi mita 150. Ana nufin tsohuwar nan sai ta hango mota tun daga nisan da ya fi tsawon filin ƙwallo, ta kuma kintaci gudunta daidai, kafin ta sa ƙafa. Yaro ɗan shekara 8 ba zai iya wannan kintace ba, ko da an yi masa faɗa sau dubu.

Sai ɓangaren direba. Daga ganin abu zuwa taka birki mutum kan ci aƙalla daƙiƙa guda. Mai gudun 30 zai yi mita 8 a wannan daƙiƙar, birki ya ci kamar mita 5, ya tsaya cik a wajen mita 13. Mai gudun 60 kuwa zai yi mita 17 kafin ƙafarsa ta taɓa birki, sannan ya ƙara kamar mita 20, domin in gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkawa. Wato a daidai inda mai gudun 30 ya riga ya tsaya, mai gudun 60 bai ma fara taka birki ba. Na rubuta wannan a allo na nuna wa taron unguwa, aka yi tsit. Daga ranar ba wanda ya sake cewa a shafa fenti kawai a wuce wurin. Baba ya ce zanen fari da baƙin nan da ake kira zebura, tun 1951 aka fara shi a garin Slough na Ingila, kuma yana aiki ne inda direba ya saba tsayawa ko aka tilasta masa rage gudu. In babu ɗayan biyun, zanen yaudarar yaro kawai zai yi, ya ɗauka yana da kariya.

Akwai kuskuren da muka yi wanda sai da aka nuna mana. Duk masu ƙirgar nan maza ne, duk masu zaman taron ma maza ne. Uwargidana ce ta ce in je in ji ta bakin Hajiya, wata dattijuwa mai koyar da matan aure a islamiyya. Na je na gaishe ta, na karanta mata abin da muka tsara. Ta saurara har na gama.

"Malam, kun gama da motoci. To dakalin tsakiyar fa? Ku maza ɗaga ƙafa kuke ku haye. Mace da zani da hijabi da goyo, sai ta tsaya a kan kwalta ta tattare, ta ɗora yaro, sannan ta hau. Katakon lambatun nan kuwa ni na daina bi, tun ranar da ya juye da wata mai ciki."

Ta ce mata da yawa sun haƙura da kai yara fili, ba don ba sa so ba. Littafinmu ya ƙirga waɗanda suka tsallaka, bai ƙirga waɗanda tsoro ya zaunar a gida ba. Na koma na gaya wa Baba, ya ce Hajiya ta fi mu gani, a gyara zane.

Abin da muka nema a ƙarshe ba shi da yawa. Matsallaka a bakin lungun masallaci, a ɗaga ta kamar santimita 10 sama da kwalta, samanta shimfiɗaɗɗe, hawanta da saukarta a kwance yadda mota za ta rage gudu ba tare da ta daki ƙasa ba. A yanke dakalin tsakiya ya zama daidai da ƙasa, da faɗin da keken gurgu da kurar ruwa za su tsaya a ciki, domin mutum ya tsallaka ɓangare ɗaya, ya huta, sannan ya fuskanci ɗayan. A rufe lambatu da silab a gefe biyu. A kafa allunan gargaɗi tun daga nesa, da fitila mai aiki da hasken rana. A buɗe wa fili ƙaramar ƙofa a inda aka ɓula shinge.

Takardar farko ƙaramar hukuma muka kai, da sa hannun mai unguwa da dagaci. Ta yi makonni kafin wani ma'aikaci ya gaya mana cewa titin ba nasu ba ne. Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne, na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma, kuma kowa nasa kawai yake da ikon taɓawa. Duk mai shirin irin wannan aiki ya fara tambayar titin na wane ne, zai rage wa kansa wata guda. Muka sake rubutawa zuwa ofishin da ke da alhakin titin, wannan karon ta hannun hakimi, kansilanmu ya raka mu.

Shafi biyu ce takardar, sai taswirar da Baba ya zana da hannu da kwafin littattafan ƙirga. Na sa sakin layi ɗaya na abin da duniya ta sani: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna in aka kwatanta da yawan jama'a. Na ambaci taron ministoci da aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, a Fabrairun 2020, inda aka yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Amma na lura da wanda ya karɓe mu: shafin alƙaluman duniya kallo ɗaya ya yi masa, littattafanmu masu datti da zanen biro su ya tsaya yana buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mutane kullum suna zuwa da kuka, ba safai ake zuwa da ƙirga ba.

Mun yi zarya, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa na tashi daga makaranta na wuce can a ce mai sa hannu ba ya nan. Bayan wata uku aka turo wata matashiyar injiniya ta duba wurin. Mun roƙa ta zo ranar Alhamis da yamma, ta kuwa zo. Hajiya ta kama hannunta ta ce, "'Yata, zo mu tsallaka tare." Suka tsaya a bakin kwalta fiye da minti biyu kafin su sami tazara, a tsakiya kuma sai da injiniyar ta tallafe ta ta hau dakali. Da suka dawo ba ta yi doguwar magana ba, ta ce, "Mama, na gani." Ta gyara mana abu ɗaya mai muhimmanci: yankan dakalin kada ya zama miƙaƙƙe, a karkata shi yadda mai tsallakawa zai juya fuskarsa wajen motocin da ke tahowa kafin ya sake sa ƙafa a kwalta, kuma yaro ba zai iya shekawa a guje daga wannan gefe zuwa wancan ba.

Aka raba nauyi. Su suka ba da izini da zane da ma'aikata da kwalta, mu muka ɗauki silab da fitila da fenti. An yi karo-karo bayan sallar Juma'a, matan islamiyya suka kawo kwasar adashi guda cur, samarin da suka yi tudun farko su suka yi dakon yashi kyauta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar 'yan adaidaita. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, adaidaita ce ƙafar talaka, kuma mutanen nan abincinsu suke nema a bakin lungun. Wasu a taro suka ce a kira hukuma ta kore su. Baba ya ƙi, ya ce wanda aka kora da safe zai dawo da yamma. Muka je wurin shugaban tasharsu, muka sha shayi tare. Ya ce, "Malam, a nan fasinja yake fitowa. In na matsa, wani ne zai zo ya tsaya."

Baba bai yi musu da shi ba. Ya ce, "Ɗana, zo ka tsuguna a nan." Ya tsugunar da shi a gaban wata adaidaita da ke fake, kansa daidai tsayin yaro, ya ce ya gaya masa motar da ke tahowa. Mutumin ya leƙa, ya sake leƙawa, bai ga komai ba sai ruwan ɗorawar bodi, sai ga tifa ta wuce fuu a gabansa. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya ce yana da 'ya'ya huɗu, biyu a filin nan suke wasa.

Ba mu ce su tashi ba. Matsawa suka yi kamar mita 20 zuwa yamma, wato gaba da matsallaka, yadda direban da ke tahowa zai ga duk wanda ke tsaye a bakin titi babu abin da ya tare shi. Mai shayi da mai rake suka bi su, tunda cinikinsu tare yake. Kuma su da kansu suke hana baƙon direba tsayawa a tsohon wurin, abin da babu jami'in da zai iya yi mana dare da rana.

Aikin kansa kwana tara ya ɗauka. Ranar da aka buɗe, Baba ya tara yara a ƙofar masallaci ya tambaye su ina ake fara dubawa. Rabinsu suka ce dama. Ya ce wannan karatun zamanin da ne, lokacin da ake tuƙi a hannun hagu irin na Ingila, kuma shi da idonsa ya ga ranar da Najeriya ta koma hannun dama a Afrilun 1972. Yanzu motar da ta fi kusa da kai daga hagu take zuwa: ka dubi hagu, ka dubi dama, ka sake duban hagu. In ka kai tsakiya ka tsaya, ka fara da dama. Kuma ko'ina ka dubi gefe biyu, saboda masu bin hannun da ba nasu ba. Muka sa samari biyu da riguna masu ƙyalli su riƙa tsayawa Alhamis da Juma'a da ranakun salla.

Bayan wata guda na koma da igiyar awo da duwatsuna biyu. Yawancin motoci yanzu suna cin daƙiƙa 5 zuwa 6 a mita 50 ɗin da ke gaban matsallaka. Na ga Hajiya ta tsallaka da jikokinta uku ba wanda ya riƙe ta. Matan da ban taɓa gani a fili ba sun fara shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya.

Akwai abin da har yanzu ya gagare mu. Masu babur sun gano yankan dakalin, suna bi ta ciki su juya maimakon su je shataletale. Mun kafa turakun ƙarfe, sun hana adaidaita, amma duk ratar da keken gurgu zai wuce babur ma zai wuce, kuma ba za mu toshe wa gurgu hanya don mu hana mai babur ba. Fentin da muka iya saya na gama-gari ne, damina ɗaya ta cinye rabinsa. Irin wanda ake narkawa da wuta a shimfiɗa shi ke daɗewa, muna tara kuɗinsa. Sannan mutanen yammacin unguwa sun yi nisa da wannan matsallaka, yaransu na nan suna haye dakali a wajen gidan mai, inda motoci suka riga suka sake ɗaukar gudu.

Can za mu koma ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar. Na sayi sababbin littattafai shida, Hajiya ta ba mu mata huɗu da za su zauna a ƙirga da su, ɗan maƙwabcina kuma, wanda ya ajiye sandarsa tun kafin azumi, ya ce shi zai riƙe agogo.